Kora Ko Sallama? Doguwar Hanyar Sojan Da Ke Neman A Wanke Sunansa

Ran 15 ga watan Janairu na kowace shekara, watau ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa cikin 1970, akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya a ko'ina cikin ƙasar nan. A Kano, kamar sauran manyan biranen jihohi, tsofaffin sojoji sukan fito da kayansu a goge, da lambobin yabo jere a ƙirji, a yi fareti, a ajiye furanni, a yi wa waɗanda suka kwanta dama addu'a.

Amma akwai wani rukuni na tsofaffin sojoji da ba a ganinsu a wannan layi. Su ma sun sha horo a Difo na Zariya, sun yi rantsuwa, sun ɗauki bindiga, wasunsu ma har yanzu da tabon harsashi a jika. Abin da ya raba su da 'yan'uwansu kalma ɗaya ce tak a cikin takardar da suka fito da ita daga bariki. Ta waɗancan ta ce an sallame su, tasu kuwa ta ce an kore su.

Wanda ya san zaman cikin birni ya san nauyin wannan kalma. A tsohuwar unguwa irin Kabara, wadda ke daura da Gidan Rumfa, unguwar malamai da almajirai inda gidan Ƙadiriyya na marigayi Shehu Nasiru Kabara yake, labarin mutum ba ya ɓuya. An san ɗan gidan wane ne ya shiga soja, an san shekarar da ya tafi, in kuma ya dawo ba da shiri ba, kafin a yi sallar isha'i maganar ta zaga zauruka. In ya je neman aure za a bincika dalilin dawowarsa. In ya nemi aikin gadi a masana'antun Bompai ko Sharaɗa, takardar sallama za a fara tambaya. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. To, shin doka ta tanadi wata hanya da sojan da aka kora zai bi a sake duba al'amarinsa, a mai da korar ta zama sallama?

BAMBANCIN DA KE TSAKANI

Dokar da ke tafiyar da ladabtar da sojojin Nijeriya ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda ta fara aiki a matsayin dokar soja mai lamba 105 ta 1993, daga baya aka shigar da ita kundin dokokin Tarayya na 2004. Bisa ga wannan doka da ƙa'idojin aikin da ke biye da ita, soja yana iya barin aiki ta hanyoyi da dama. Akwai wanda wa'adin aikinsa ya cika, akwai wanda ya nemi sallama don kansa aka amince, akwai wanda rashin lafiya ko rauni ya hana shi ci gaba, akwai kuma hafsan da aka yi wa ritayar dole. Duk waɗannan, muddin sun cika shekarun da ake bukata, suna da hakkin garatuti da fansho daga Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja, suna iya shiga Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, da yawa kuma akan tura su cibiyar koyon sana'a ta Oshodi a Ikko kafin su tuɓe kaki.

Kora kuwa horo ce, kuma ita ma hawa biyu gare ta. Akwai kora zalla, akwai kuma kora tare da wulaƙanci, wadda kotun soja ke yanke wa wanda aka samu da babban laifi. Wanda aka kora ya yi asarar garatuti da fansho, ko da kuwa ya yi shekara ashirin yana aiki, ya kuma yi asarar muƙaminsa.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, ba kowace kora ce ke fitowa daga kotun soja ba. Doka ta ba kwamandan bataliya ikon yi wa ƙananan sojoji shari'ar gaggawa a ofishinsa, ya tsare mutum a gadurum har kwana 28, ko ma ya kori wanda muƙaminsa bai wuce kofur ba. Hafsa yana da hakkin ya ce shi bai yarda da shari'ar gaggawa ba, a kai shi kotun soja inda zai zo da lauya. Farabiti da kofur kuwa, sau da yawa cikin 'yan mintoci ake gama da su, a tsaye, hula a cire. Saboda haka yawancin masu ɗauke da takardar kora ƙananan sojoji ne, su ne kuma mafi ƙarancin sanin doka da halin ɗaukar lauya.

MANYA MA SUN ƊANƊANA

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa kora ba hukunci ne da ba ya tashi ba, kuma biyu daga cikin manyan misalan suna da alaƙa da Kano.

Na farko ya biyo bayan kisan Janar Murtala Ramat Muhammed, haifaffen unguwar Kurawa da ke maƙwabtaka da fada, wanda aka harbe a Ikko ran 13 ga watan Fabrairu, 1976. Bayan da Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka ya ambaci sunan Janar Yakubu Gowon a wajen bincike, gwamnatin soja ta wancan lokaci ta kori tsohon Shugaban Ƙasar daga aikin soja, ta tuɓe masa muƙami, ta kuma ce tana nemansa, alhali yana karatu a Ingila. Shi dai ya musanta cewa da hannunsa a ciki. Cikin 1981 Shugaba Alhaji Shehu Shagari ya ɗage masa takunkumin, amma muƙaminsa na Janar bai dawo ba sai cikin 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Shekara 11 ke nan, ga mutumin da ya yi shekara tara yana mulkin ƙasar.

Na biyu shi ne Laftanar-Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, wanda shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin watan Janairu, 1966. An kore shi daga rundunar sojan Nijeriya cikin 1967 bayan ya yi shelar ɓallewar Biyafara. Da yaƙi ya ƙare, Janar Gowon ya yi shelar cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya kuma yi afuwa ga kowa. Duk da haka an kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Birgediya Adeyinka Adebayo don tantance hafsoshin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara. An mai da wasu bakin aiki, an sallami wasu, an kori wasu, wasu kuma aka ci gaba da tsare su.

Shugaba Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa cikin watan Mayu, 1982, ya dawo gida daga ƙasar Kwaddibuwa a watan da ya biyo. Amma afuwar ba ta taɓa takardar kora ba. Sai ran 29 ga watan Mayu, 2000, shekara 30 bayan yaƙi, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ba da sanarwar cewa an mai da korar duk sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ta zama ritaya.  Ko bayan sanarwar ma sai da aka ƙara shekaru ana jira, domin sai farkon 2008 Ojukwu da wasu abokan aikinsa suka karɓi cakin fanshonsu na farko. 'Yan sandan da irin wannan kora ta shafa kuwa, sai cikin 2017 aka fara biyansu. Kafin lokacin da yawa sun rasu, magada suka karɓa.

Akwai kuma waɗanda wankin sunan ya iske su a kabari. Manjo-Janar Mamman Vatsa, wanda aka harbe cikin watan Maris, 1986, bisa zargin shirya juyin mulki, sai cikin watan Oktoba, 2025, aka yi masa afuwa, bayan iyalinsa sun shafe shekaru kusan 40 suna roƙo.

KUKAN ƘANANAN SOJOJI

Waɗancan duk manya ne, masu suna da masu faɗa musu a wajen hukuma. Labarin ƙananan sojoji ya fi ɗaci.

Cikin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka tare hanya a garin Akure, suna kukan an hana su cikakken alawus ɗinsu. Cikin 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai saboda bore. Da jama'a suka yi ca, hukumar soja ta rage hukuncin zuwa shekara bakwai, daga baya kuma aka yi musu afuwa aka sake su.

Amma babbar guguwar ta taso ne cikin 2014, lokacin da yaƙi da 'yan Boko Haram ya yi tsanani. Ran 14 ga watan Mayu na wannan shekara, aka kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga yankin Chibok zuwa barikin Maimalari a Maiduguri. Da 'yan'uwansu suka ga gawarwakin sai rai ya ɓaci, wasu suka buɗe wa motar babban kwamandan runduna ta bakwai, Manjo-Janar Ahmadu Mohammed, wuta. Allah ya kiyaye bai ji rauni ba. Cikin watan Satumba kotun soja da ta zauna a Abuja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, ta sallami biyar, ta ɗaure ɗaya kwana 28.

Cikin watan Disamba wata kotun ta yanke wa sojoji 54 na bataliya ta 111 hukuncin kisa, bisa laifin ƙin bin umurnin zuwa ƙwato garuruwan Delwa da Bulabulin da Damboa. Hujjarsu a gaban kotu, ta bakin lauyansu Femi Falana, ita ce ba gudun yaƙi suka yi ba, makaman da za su tunkari abokan gaba da su suka nema. Kafin shekarar ta ƙare, yawan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa ya kai 70. Ban da waɗannan, an kori dubbai ta hanyar shari'ar gaggawa, bisa zargin tsoro, ko gudu daga fagen fama, ko yar da makami.

Ba a daɗe ba sai gaskiya ta fara halinta. Cikin watan Yuli, 2015, a jawabinsa na ban kwana, Babban Hafsan Tsaro mai barin gado, Alex Badeh, ya faɗa da bakinsa cewa rundunar da ya shugabanta ba ta da isassun kayan yaƙi. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari kuma ta kafa kwamitin binciken kuɗin sayen makamai, inda maganar dala biliyan 2.1 ta fito fili, aka gurfanar da manyan mutane a kotu. Watau abin da farabiti ya faɗa aka ce ya yi bore, shi ne shugabansa ya maimaita a bainar jama'a.

Sabon Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa, Janar Tukur Yusuf Buratai, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Manjo-Janar Adeniyi Oyebade, babban kwamandan runduna ta ɗaya ta Kaduna, wadda birged ta uku ta barikin Bukavu a Kano ke ƙarƙashinta. Kwamitin ya duba al'amarin sojoji wajen 5,000. Cikin watan Satumba, 2015, kakakin rundunar, Kanar Sani Kukasheka Usman, ya ba da sanarwar cewa an mai da 3,032 bakin aiki. Wannan adadi abin dubawa ne, domin ma'anarsa ita ce cikin kowane mutum biyar da aka hukunta, uku sun cancanci a mai da su, a ganin ita kanta rundunar.

Cikin watan Disamba na wannan shekara aka sassauta hukuncin kisan sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Sun yi zaman kurkukunsu sun fito, cikin 2022 kuma Shugaba Buhari ya yi musu afuwa. Bayan afuwar lauyansu ya rubuta wa hukumar soja yana neman a mai da su aiki a biya su hakkokinsu, yana mai kafa hujja da cewa afuwa ta shafe laifin da aka kore su dominsa. Wannan hujja tana da tushe, domin cikin 1999, a shari'ar zaɓe tsakanin Cif Olu Falae da Janar Obasanjo, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa cikakkiyar afuwa tana wanke mutum daga laifi da duk abin da laifin ya jawo masa. Sai dai kamar yadda labarin Ojukwu ya nuna, takardar afuwa daga fadar Shugaban Ƙasa daban, gyaran fayil a hedkwatar soja daban, biyan fansho kuma wata tafiya ce ta uku.

HANYOYIN DA DOKA TA TANADA

Sojan da ke ganin an kore shi ba bisa hakki ba yana da ƙofofi da zai ƙwanƙwasa, amma kowace da wa'adinta, kuma wa'adin gajere ne ƙwarai.

Ƙofa ta farko tana cikin gidan soja. Wanda aka yi wa shari'ar gaggawa yana da wata ɗaya kacal ya rubuta koke zuwa ga hukumar da ke sama da kwamandan da ya hukunta shi. Wanda kotun soja ta hukunta kuwa, hukuncinsa ba ya tabbata sai hukumar da ke da ikon tabbatarwa ta sa hannu, kuma sashe na 149 ya ba shi wata uku ya gabatar mata da duk wata hujja a rubuce kafin ta tabbatar. A wannan mataki ne ake iya soke hukunci ko a sassauta shi. Haka ya faru da Birgediya-Janar Enitan Ransome-Kuti, kwamandan rundunar haɗin gwiwa da ke Baga lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram cikin watan Janairu, 2015. Kotun soja ta yanke masa kora da ɗaurin wata shida, amma cikin 2016 Majalisar Sojan Ƙasa ta mai da hukuncin ya zama rage girma zuwa Kanar. Har ila yau sassa na 178 da 179 sun tanadi hanyar kai kuka ga hafsa da ƙaramin soja, sun kuma sharɗanta cewa sai an bi ta har ƙarshe kafin a nufi kotu. Shari'o'i da dama sun faɗi saboda tsallake wannan mataki kaɗai.

Ƙofa ta biyu ita ce Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sashe na 240 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon sauraron ƙara daga kotun soja. In hukuncin na kisa ne, ɗaukaka ƙarar hakki ne kai tsaye. In ba na kisa ba ne, sai an nemi izinin kotun cikin kwana 40 daga ranar da aka bayyana tabbataccen hukunci, ko da yake kotun tana iya ƙara wa'adi in an kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Daga nan ana iya wucewa har Kotun Ƙoli.

Ƙofa ta uku ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta ikon duk wata shari'a da ta shafi aiki, tana kuma da reshe a Kano. Can ne wasu daga cikin hafsoshi 38 da aka yi wa ritayar dole cikin watan Yuni, 2016, suka kai kukansu. Kanar Danladi Hassan ya yi nasara cikin 2019, inda kotun ta ce a mai da shi aiki domin ba a ba shi damar kare kansa ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin cikin 2021. Shekara biyar ke nan yana zirga-zirgar kotu, ga shi babban hafsa. A nan ma akwai tarko, domin lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar nan da ta ce ƙarar jami'in hukuma sai cikin wata uku da faruwar abin.

Ƙofa ta huɗu ita ce afuwar Shugaban Ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175, wadda yake yi bayan ya shawarci Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Wannan alfarma ce, ba wanda zai tilasta a yi masa ita. Wasu kuma sukan kai koke ga kwamitocin sauraron koke-koke na Majalisar Tarayya, waɗanda ke iya kiran hukumar soja su ba ta shawara, amma shawararsu ba ta da ƙarfin hukuncin kotu.

Akwai ƙofa guda da mutane kan ɓata lokaci a bakinta. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala ta kafa cikin 1975, dokarta ta hana ta bincika abin da aka yi wa soja ko ɗan sanda a ƙarƙashin dokokin aikinsu. Wanda ya kai takardarsa can ya zauna jira, wa'adinsa na gaske yana ta ƙarewa bai sani ba.

Abin da duk waɗannan ƙofofi suke bukata ɗaya ne, watau takardu. Takardar tuhuma, da takardar da aka sanar da hukunci, da kwafen duk wani koke da aka rubuta tare da shaidar ranar da aka karɓa, da takardun asibiti in akwai rauni ko taɓuwar hankali, da sunayen waɗanda aka yi abin a gabansu. Mutumin da aka fito da shi daga bariki yau, aka ce ya kwashe iyalinsa, da wuya hankalinsa ya kai ga wannan. Nan ne aikin 'yan'uwa da dattawan unguwa yake, su kai shi wajen lauya tun cikin makon farko, maimakon a tsaya ana ba shi haƙuri har wata ya wuce.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Matsalar ba ta Nijeriya ce kaɗai ba. A Senegal, sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa Yaƙin Duniya na Biyu sun nemi a biya su hakkinsu a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe musu wuta ran 1 ga watan Disamba, 1944. Cikin waɗanda suka tsira an ɗaure 34 bisa laifin bore, aka yi musu afuwa cikin 1947 ba tare da an soke hukuncin ba, zuriyarsu kuma suka daɗe suna neman a sake shari'ar. A Ingila, sojoji 306 da aka harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda tsoro ko gudu, sai cikin 2006 majalisa ta yi musu afuwa, bayan likitoci sun daɗe da gane cewa firgicin yaƙi ciwo ne.

Ƙasar da ta fi tsara al'amarin ita ce Amurka. Can takardar sallama hawa biyar ce, daga ta girmamawa har zuwa ta wulaƙanci, kuma kowane hawa da irin hakkin da yake ba mutum. Tun cikin 1944 doka ta kafa wa kowace runduna kwamiti na dindindin mai sake duba takardun sallama. Tsohon soja yana da shekara 15 ya cika fom ya aika, ba kuɗi, yana kuma iya bayyana a gabansu da kansa. Cikin 1946 aka ƙara wani kwamitin, na farar hula, mai gyara kurakurai a fayilolin soja. Cikin 2014 Sakataren Tsaro Chuck Hagel ya umurci kwamitocin su yi sassauci ga waɗanda ciwon firgicin yaƙi ya sa suka aikata abin da aka kore su dominsa.

Ko a can ma an ga jinkiri mai tsanani. Cikin 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya kori sojoji baƙar fata 167 da aka girke a garin Brownsville na jihar Texas ba tare da shari'a ba. Sai cikin 1972 aka mai da korarsu ta zama sallamar girmamawa, ɗaya daga cikinsu da ya yi tsawon rai, Dorsie Willis, aka ba shi diyyar dala 25,000. Henry Flipper, baƙar fata na farko da ya gama makarantar hafsoshi ta West Point, an kore shi cikin 1882, ya rasu cikin 1940 yana neman a wanke shi, aka gyara takardarsa cikin 1976. Amma dai tun 1944 ƙofa tana nan a buɗe, da adireshinta, ga janar da farabiti baki ɗaya.

ABIN DA YA RAGE

Idan aka jera misalan Nijeriya tun daga na Janar Gowon har zuwa na sojojin Maimalari, za a ga abu guda yana maimaituwa. Kusan duk gyaran da aka yi, ya zo ne bayan an sami canjin gwamnati ko canjin shugabancin runduna, ta hanyar afuwa ko kwamitin wucin gadi da ke watsewa da zarar ya miƙa rahoto. Kwamitin Kaduna na 2015 ya yi aiki mai kyau, amma na waɗanda aka kora a yaƙin Arewa maso Gabas ne kawai, na wani ɗan lokaci. Wanda aka kora kafinsa a wani fagen, ko bayansa, bai sami irin wannan dama ba.

Ba mai musun cewa runduna ba ta tsayuwa sai da ladabi. Sojan da ya juya bindiga kan kwamandansa, ko ya sayar da harsashi, ko ya zalunci farar hula, dole ne ya fuskanci hukunci, kuma iyalan waɗanda aka bari a fagen fama su ma suna da hakki. Sake duba hukunci ba ya nufin soke kowane hukunci, domin kwamitin 2015 ma bai mai da kusan mutum 2,000 ba. Abin da ake bukata shi ne wurin da za a tace, a ware wanda ya ci amana daga wanda aka tura gaba da bindiga ba isasshen harsashi, ko wanda firgici ya taɓa masa hankali bayan ya yi shekaru a daji ba canji.

Wannan aiki ne na Majalisar Tarayya, wadda ke da ikon gyara Dokar Rundunonin Soja. Kwamiti na dindindin, mai ɗauke da tsofaffin hafsoshi da alƙali da likita, mai karɓar koke ko bayan shekaru, mai zama a hedkwatar kowace runduna don kada mutumin Kano ko Sakkwato ya sayar da gonarsa saboda kuɗin motar Abuja, zai rage wa kotuna nauyi, ya kuma rage wa Shugaban Ƙasa yawan masu roƙon afuwa. Ya kamata kuma kwamitin ya sami ikon mai da kora ta zama sallama ko da ba za a mai da mutum aiki ba, domin da yawa daga cikin masu kukan shekarunsu sun wuce na komawa bariki. Bukatarsu ita ce garatutin shekarun da suka yi, da takardar da za su iya nuna wa mai ɗaukar aiki ko surukai ba tare da sunkuyar da kai ba.

Matasan da ke layi a kowace shekara don shiga Difo suna kallon yadda ake yi da waɗanda suka riga su. Ƙasar da ke neman ɗanta ya ba da ransa dominta, wajibi ne ta tanadar masa wurin da za a saurare shi in ya ce an yi masa kuskure, tun yana da rai.